Ɓari Biyu, Ido Ɗaya

Akwai wata irin kyamara wadda yawancin ɗalibanmu na yau ba su taɓa gani ba sai a cikin tsofaffin finafinai, alhali kuwa da irinta aka ɗauki da yawa daga cikin hotunan kakanninsu da ke rataye a zaure. Ita ce wadda ake kafawa a kan ƙafa uku, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya leƙa ta bayanta, ya fito ya gyara wa mutum zaman hula, sa'an nan ya sake komawa. Mu muna daga cikin 'yan tsirarun da har yanzu ke ɗawainiya da ita. Abin da muke son mu yi magana a kai a wannan 'yar maƙala wani ɓangare ne ƙarami na sha'aninta, wato al'adar nan ta kwance gilashin idonta gida biyu, a ɗauko ɓari ɗaya daga nan, ɗaya daga can, a haɗa su domin a sami sabon ido wanda yake gani daban da yadda kowannensu ke gani shi kaɗai.

Ya kamata mu fara da bayyana wa mai karatu siffar abin da muke zance a kai. Babbar kyamara ba wani abu ba ce illa allo biyu da aka haɗa da zugazugi irin na maƙera, sai dai nata na baƙar fata ne ko ƙyalle mai kauri wanda haske ba ya ratsawa. Allon gaba shi ke ɗauke da gilashin ido, na baya kuwa yana ɗauke da wani gilashi mai hazo, wanda muke kira gilashin leƙe, inda surar abin da za a ɗauka ke sauka, kai a ƙasa ƙafa a sama. Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya yi bayanin tushen wannan kifewa a Alƙahira, a cikin littafinsa Kitab al-Manazir, wato cewa haske a miƙe yake tafiya, saboda haka wanda ya taso daga sama, in ya bi ta ƙaramar kafa, a ƙasa zai sauka. Idan mai hoto ya gamsu da abin da ya gani, sai ya zura fallen fim guda ɗaya a gurbin gilashin leƙen. Fallen yakan kasance inci 4 da 5, ko 5 da 7, ko 8 da 10, a ƙasashen da ke awo da santimita kuwa 9 da 12 ko 13 da 18. Da irin mai 13 da 18 ɗin nan ne Seydou Keita ya ɗauki mutanen Bamako a shagon da ya buɗe a 1948, hotunan da daga baya aka rataye a manyan gidajen baje kolin zane na duniya. A nan gida ma Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, ya daɗe yana aiki da babbar kyamara mai ɗaukar hoto a kan fallen gilashi.

Kowane gilashin kyamara yana da abin da muka zaɓi mu kira zango. In aka fuskantar da gilashi ga wani abu mai nisan gaske, kamar dutse a ƙarshen ganin ido, hasken da ya ratsa shi zai je ya tattaru a wani wuri a bayansa, inda surar za ta fito tar. Tazarar da ke tsakanin gilashin da wannan wuri ita ce zangonsa, kuma da milimita ko inci ake auna ta. Gajeren zango yana kwaso fili mai faɗi, amma komai ya fito ƙarami. Dogon zango yana jawo na nesa kusa, ya bar na gefe a waje. A kan fim mai inci 4 da 5, gilashi mai zangon milimita 150 shi ne matsakaici, a kan mai 8 da 10 kuwa sai mai 300. Yau yaro yakan ɗora yatsu biyu a fuskar wayarsa ya buɗa su, abin nesa ya matso. Mai babbar kyamara ba shi da wannan gata. Gilashi mai zuƙowa da komawa bai zo hannun masu ƙananan kyamarorin hoto ba ma sai a 1959, da Zoomar na kamfanin Voigtländer. Ga shi kuma a zamanin da ba a cika faɗaɗa hoto ba, ana ɗora dodon hoton ne a kan takarda a haska, girman da ya fito shi ke nan. Ashe ke nan wanda ya tsaya a bakin kogi yana son hasumiyar da ke tsallake ta cika masa takarda, ko dai ya nemi jirgin fito, ko ya nemi gilashi mai dogon zango. Gilashi kuwa, jiya da yau, kaya ne mai tsada da nauyi.

Mafitar ta fito ne daga yadda aka gina gilashin kansa. Idon babbar kyamara kashi uku ne. Akwai ɓarin gaba, akwai ɓarin baya, a tsakaninsu kuma akwai ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a ƙiftawar ido, tare da kafar da ake faɗaɗawa ko a tsuke domin daidaita yawan hasken da zai shiga. Ɓarin nan biyu ɗaure su aka yi da tiredi, kamar yadda makanikai ke faɗi, kuma da hannu kawai ake murɗe su su fita. Wanda ya saba da kyamarar zamani, wadda in ta lalace sai dai a kai ta ga mai gyara ko a jefar, yakan ji gabansa ya faɗi ranar da ya fara ganin an kwance gilashi mai tsada kamar murfin kwalba. Amma da gangan aka yi shi haka, kuma dalilin yana da tarihi.

A 1812, tun ba a gano ɗaukar hoto ba, wani masani ɗan Ingila mai suna William Wollaston ya nuna cewa gilashi guda mai lanƙwasa irin ta jinjirin wata, in aka sa ƙaramar kafa a gabansa, yana ba da sura mai kyau a fili mai faɗi. Masu hoto na farko sun amfana da wannan ƙwarai, sai dai gilashin yana da aibi. In kafar tana gabansa, miƙaƙƙun layukan da ke gefen hoto sukan kumbura waje kamar cikin ganga, ta yadda bangon gida zai fito kamar ya yi tumbi. In kuwa aka mayar da kafar bayansa, sai layukan su lotsa ciki. Har ila yau, ɗigon haske a gefen hoto yakan yi jela kamar tauraro mai wutsiya, bakin abubuwa kuma ya yi gezar launi. A 1866 mutum biyu, John Dallmeyer a Landan da Adolph Steinheil a Munich ta ƙasar Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da magani iri ɗaya. Suka ɗauki ɓari biyu masu kama da juna suka sa su suna fuskantar juna, kafa a tsakiya. Kafar tana bayan na gaba, tana gaban na baya, don haka lotsawar da ɗaya ya jawo, kumburin ɗayan ya cike ta. Haka jelar, haka gezar launin. Aibi biyu masu kishiyantar juna suka kashe juna, layi ya miƙe.

Daga nan sauran tunanin ba shi da wuya. Tunda kowane ɓari gilashi ne mai zaman kansa, ana iya cire ɗaya a yi aiki da ɗayan, zango ya kusa ninkawa. Tunda kuma ba dole ba ne ɓarin biyu su zama tagwaye sak, ana iya haɗa masu zango daban a sami na uku. Maƙeran gilashi na Faransa, irin su Darlot a birnin Paris, suka shiga sayar da 'yan akwatuna masu shimfiɗar karammiski, kowanne da bututu ɗaya na tagulla da ɓari da yawa jere a cikin ramukansu. Abin ya kai ƙololuwarsa a garin Jena na Jamus, inda Otto Schott da Ernst Abbe suka samar da sababbin nau'o'in gilashi a shekarun 1880, Paul Rudolph na kamfanin Zeiss kuma ya yi amfani da su ya ƙera gilashin da ke fitar da gefen hoto tar kamar tsakiyarsa a 1890. A 1895 aka fito da jeri na bakwai na wannan gilashi, wanda daga 1900 ake kira Protar. Kowane ɓari nasa gilasai huɗu ne aka manne wuri ɗaya, an kuma gyara shi yadda zai iya tsayawa shi kaɗai. Lissafin ribar a bayyane yake. Mai ɓari uku yana da zango shida, uku na ɗaiɗai da uku na haɗi. Mai ɓari huɗu yana da goma. Duk wannan a cikin akwatin da zai shiga aljihun babbar riga.

Sauran kamfanoni ba su zauna ba. Goerz na Berlin yana da gilashin da Emil von Höegh ya tsara a 1892, wanda aka raɗa wa suna Dagor a 1904, mai gilasai uku a kowane ɓari. A Rochester ta Amurka, Gundlach ya yi Turner-Reich mai biyar-biyar. A Leicester ta Ingila aka yi Cooke jeri na goma sha biyar, wanda a haɗe zangonsa inci 12 da kwata ne, ɓari ɗaya inci 19, ɗayan inci 26 da rabi. Da wannan Cooke ɗin ne Ansel Adams ya ɗauki hotonsa mafi shahara, na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico. Yana cikin mota da yamma ya hango wata ya fito a kan duwatsu, rana mai faɗuwa tana haska fararen gicciyen maƙabartar ƙauyen. Ya tsaya ya kafa kyamararsa mai inci 8 da 10, yana kokawa da sauya ɓarin gilashi, ma'aunin haskensa kuma ya ƙi ganuwa, sai da ya yi lissafi da ka daga abin da ya sani na ƙarfin hasken wata. Falle ɗaya ya samu, kafin ya zura na biyu rana ta bar maƙabartar. Daga baya wani masanin taurari ya bi matsayin watan a cikin hoton ya tabbatar da ranar, 1 ga Nuwamba, 1941. Mukan tuna wannan labari duk lokacin da muke murɗa ɓari yatsunmu na rawa, haske na gudu.

To, yaya ake sanin zangon da haɗi zai bayar? Masu gwajin ido a asibiti sun san amsar, domin kullum suna ɗora gilashi a kan gilashi a gaban idon majiyyaci. Ƙarfin gilashi kishiyar zangonsa ne, wato gwargwadon gajartar zango gwargwadon ƙarfi, kuma in aka jera biyu ƙarfinsu ne ke haɗuwa. A taƙaice, a ninka zangon farko da na biyu, a raba abin da ya fito da jimillarsu bayan an debe tazarar da ke tsakaninsu. Misali, ɓari mai milimita 300 da mai 400, in tazarar 40 ce, sai a raba 120,000 da 660, a sami kusan 182. Biyu masu 300 a wannan tazarar za su ba da kusan 161, biyu masu 400 kuwa kusan 211. Abin lura a nan shi ne haɗi kullum ya fi kowane ɓarinsa gajeren zango, kuma in tazara ta ƙaru zango yakan ƙaru. Sai dai akwai tarko. Tazarar da lissafin ke nufi ba wadda ake aunawa da rula tsakanin fuskokin gilasan ba ce, tsakanin wasu wurare ne biyu da ido ba ya gani, waɗanda a ɓari mai lanƙwasa sukan faɗa ma a wajen gilashin. Shi ya sa takarda ba ta isa ba.

Mun ga wannan da idonmu a kan wasu ɓari uku na Protar da muka saya a hannun wani dattijo da ya rufe shagon hotonsa. A cikin gwangwanin madara suke, an naɗe kowanne da tsumma, jikokinsa kuma sun riga sun gano cewa ɗaya daga ciki yana ƙona takarda in aka tara shi a rana. A bakin kowanne an zana zangonsa, santimita 22 da 29 da 35. Ƙaramin ya riga ya tafi. Gilasan irin wannan da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Kanada ake manne su, zafi da shekaru kuma sukan sa ƙaron ya saki, sai bakin gilashin ya yi rawaya kamar tsohon haƙori. Daɗin daɗawa funfuna ta shimfiɗa saƙarta a ciki, abin da duk mai ajiye gilashi a wannan yanki namu mai laima ya sani, domin damina ɗaya a cikin rufaffen akwati ta isa. Sauran biyun kuwa lafiyarsu lau. Dattijon bai san lissafin da muka kawo a sama ba, amma ya gaya mana abin da maigidansa ya gaya masa, cewa dogon ake sawa a gaba, gajeren a baya, in kuma ɗaya za a yi aiki da shi to a bayan kafa ake ɗaura shi. Wannan daidai yake da umarnin masu ƙera shi. Da muka haɗa mai 35 da mai 29, lissafin da bai kula da tazara ba ya ce milimita 159. Gilashin leƙe ya ce kusan 185, kuma shi ne mai gaskiya.

Hanyar awon ba ta bukatar komai sai rula da haƙuri. A saita kyamara a kan abu mafi nisa da ake iya hangowa har ya fito tar, a yi alama inda allon gaba ya tsaya dangane da na baya. Sa'an nan a kafa rula a gaban kyamara, a dinga jan zugazugi ana matsowa har inci ɗaya na rular ya zama inci ɗaya cif a kan gilashin leƙe. Ƙarin tsawon da zugazugi ya yi daga alamar farko zuwa ta biyu, shi ne zangon gilashin, ko da wane irin gilashi ne, ko da waye ya haɗa shi. Mukan rubuta sakamakon a 'yar takarda mu liƙa a allon gaba, domin ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce a lokacin da rana ke faɗuwa.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Lambobin da aka zana a jikin ƙyaure, su 8 da 11 da 16 da 22, ba faɗin kafar suke nunawa kai tsaye ba. Kowace lamba sakamakon raba zango ne da faɗin kafar kamar yadda ake ganinta ta gaban gilashi. Kafa mai faɗin milimita 25 a gilashi mai zangon 200 lamba 8 ce. Wannan kafar dai a mai zangon 400 ta zama lamba 16, hasken da ke isa ga fim kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka da zarar an sauya ɓari, duk lambobin da ke jikin ƙyauren sun zama ƙarya, wanda ya gaskata su kuwa zai wanke fim ya tarar da duhu. Kamfanin Schneider na Jamus ya sauƙaƙa wa masu sayen gilashinsa Symmar wannan matsala ta hanyar zana jeri biyu na lambobi, na biyun da koren launi. Mai zangon 150 da ke buɗewa har 5.6, in aka cire ɓarin gaba, yakan koma 265 mai buɗewa 12 kawai, mai 210 kuma ya koma 370. Wanda ya yi nasa haɗin ba shi da koren jeri, dole ya zauna da rula ya auna kafar mataki mataki ta cikin ɓarin gaba, ya zana nasa.

Ɓari ɗaya tilo yana da wasu halaye da sai an zauna da shi ake sani. Na farko, in aka saita shi kafa a buɗe sa'an nan aka tsuke, wurin da sura ke fitowa tar yakan gusa kaɗan, don haka sai an sake saitawa a tsukakkiyar kafar, a lokacin da gilashin leƙe ya yi duhu kamar bayan magariba. Na biyu, gezar launin nan da abokin zamansa ke kashewa takan dawo, shi ya sa masu hoton baƙi da fari ke ɗora masa gilashin tace launi mai ruwan ɗorawa, ya tare shuɗin haske. Na uku, yana cin zugazugi fiye da zangonsa, har wata ƙaramar kyamarar takan miƙe iyakar tsawonta ba ta kai ba. A ɗaya gefen kuma yana da wata falala. Gilashin da ba a shafa masa maganin hana ƙyalli ba, wanda Alexander Smakula na Zeiss ya yi wa rajista a 1935, yana asarar kimanin kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska da ta haɗu da iska, hasken da ya ɓace kuma yakan koma ya zama hazo a hoto. Ɓarin Protar, duk da gilasansa huɗu, fuska biyu kawai gare shi a buɗe. Wannan ne ya sa tsoho mai shekara ɗari yake fitar da baƙi mai zurfi har ya ba mutum mamaki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa ba kowane ɓari ke auren kowane ba. Tessar, wanda Rudolph ɗin dai ya tsara a 1902, ɓarinsa na gaba ba shi da wani ƙarfi, aikinsa gyaran kurakuran na baya ne, in aka raba su kowanne ya zama nakasasshe. Gilashin da aka gina musamman don jawo nesa da gajeren zugazugi kuwa, ɓarinsa na baya watsa haske yake yi, shi kaɗai ba ya ba da sura ko kaɗan. Duk da haka kamfanin Nikon na Japan ya yi dabara da irinsa, ya ƙera ɓarin gaba ɗaya da ɓarin baya uku, masu ba da zangon 360 da 500 da 720, ya kuma yi wani jerin mai 600 da 800 da 1200. Gilasan baya-bayan nan an ƙara matse lissafinsu ta yadda ɓari biyun suka dogara da juna ƙwarai. Schneider kansa, da ya fito da Symmar-S a farkon shekarun 1970, ya daina zana koren jerin. A wasu ma akan tarar da siririn zobe, wanda bai fi kaurin takarda ba, a ƙarƙashin ɓari, wanda ma'aikacin kamfani ya sa domin daidaita tazarar wannan gilashin shi kaɗai. In ya faɗi a cikin yashi, ƙyallin gefen hoto ya bi shi. Sai kuma maganar tiredi. Ƙyauren Copal mai lamba 1, alal misali, bakinsa na gaba milimita 40 ne, na baya 36, mai lamba 0 kuwa ya fi shi ƙanƙanta. Ɓarin da bai shiga da yatsu biyu ba, ba a tilasta shi, musamman da hunturu in ƙura ta shiga haƙoran.

Mun gwada haɗin da kamfani bai yi alkawarinsa ba. Symmar mai 180 da mai 210 duk ƙyaure mai lamba 1 suke hawa, sai muka ɗauki gaban wannan muka ɗaura da bayan wancan. Zangon ya faɗo a tsakaninsu kamar yadda hankali zai bayar. Tsakiyar hoton ba ta da abin kushewa, kusurwoyin kuwa sai da muka tsuke kafa sosai suka natsu. Ga hoton fuskar mutum, inda ba a damu da kusurwa ba, ya wadatar, har wani taushin da yake bayarwa ya dace da fuskar tsofaffi. Ga hoton gini ko rubutun da ake son kowane harafi ya fito, ba za mu ba kowa shawararsa ba. Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba, domin taku biyu gaba ko baya sun isa su cike bambancin 180 da 210. Haɗi yana da amfani na gaske ne a inda ya ba da zangon da babu shi a jaka, kuma taku ba zai kawo shi ba, kamar a bakin kogin nan, ko a cikin ƙuntataccen ɗakin da bango ya tokare bayan mai hoto.

Akwai kuma wata magana da ta fi lissafi nauyi a wurinmu, ita ce ta amana. Suna da zango da lambar gilashi galibi a zoben ɓarin gaba ake zana su, na baya sau da yawa ba ya ɗauke da komai. Wanda ya haɗa gaban wannan da bayan wancan, ya manta, ko ya mutu, ko ya sayar bai faɗa ba, ya saki wani abu a duniya mai ɗauke da sunan da ba nasa ba. Mai saye zai ɗauki hoto ya ga gefe dishi-dishi, ya zargi kamfani, ko kyamararsa, ko idonsa, ba zai taɓa sanin abin da ya faru ba. Bugu da ƙari an lalata gilashi biyu ke nan, domin can wani wuri akwai sauran ɓari biyun, su ma a haɗe bisa kuskure ko a warwatse. Irin waɗannan kaya kuma ba ƙaruwa suke yi ba. Copal ya daina ƙera ƙyauren babbar kyamara a shekarun 2010, Protar kuwa an daɗe da rufe babinsa. Abin da ya rage a hannun mutane shi ke nan. Don haka muka ɗaukar wa kanmu ƙa'ida. Kafin mu kwance kowane gilashi, mukan sa wa ɓarinsa biyu alama iri ɗaya da fensir a gefen ƙarfen. Mukan rubuta kowane haɗi a littafi, da zangonsa da lambobin kafarsa da abin da muka gani a kusurwa. In an gama aiki, kowa ya koma ɗakinsa kafin a rufe jaka.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayarmu amfanin duk wannan wahala, tunda wayar da ke aljihunsa tana yin abin da muke yi cikin daƙiƙa ɗaya. Tambayar tana kan hanya, kuma ba mu musa masa cewa wayar ta fi sauri da araha ba. Abin da muka ce masa shi ne, wayar tana ba shi hoto, amma ba ta taɓa nuna masa yadda aka yi hoton ya samu ba, kuma ranar da ta ƙi aiki ba shi da abin da zai kwance. Mu da muke zaune nesa da inda ake ƙera waɗannan kaya, muke sayen su da kuɗin da kullum ke raguwa a gaban na waje, mun fi kowa bukatar sanin cikin abin da ke hannunmu, domin wanda ya san dalilin da ya sa ɓari biyu suka ba da 185 zai iya fitar da zango uku daga abin da wani zai bar wa yara su ƙona takarda. Muka ba shi baƙin ƙyallen ya lulluɓa, muka cire ɓarin gaba yana kallo, muka ja zugazugi. Ya ga bishiyar da ke ƙarshen fili ta taso ta cika gilashin leƙe, saiwa a sama, ganye a ƙasa. Ya daɗe a ciki bai fito ba, da ya fito kuma rula ya nema.

Ga duk wanda ke da irin wannan gwangwani a gidansu, na kaka ko na kawu da ya taɓa riƙe shagon hoto, roƙonmu kaɗan ne. Kada a raba abin da aka tarar a haɗe, kada a goge gilashin da bakin riga, kada kuma a bar shi a rufe cikin laima. A fito da shi ya sha iska a wuri busasshe, a karanta abin da aka zana a bakin kowane ɓari, a rubuta a takarda a ajiye tare da shi.